Lasifikar da Na Bar wa Tsaron Shinkafa

Na ɗaure lasifika a kan gora a tsakiyar gonar shinkafa don ta kori tsuntsaye, ta yi kwana uku tana tallar maganin basir. Kowa a fadamar ya ji. Ni kaɗai ne ban ji ba.

Gonar ta mahaifiyarmu ce. 'Yar Kalgo ce, aure ya kai ta Gwandu, can ta haife mu, can aka rufe ta. Mu biyu ta bari, ni da yayana. Shi ya yi karatu, yana koyarwa a zauren gidanmu, manyan mutane na durƙusawa su gaishe shi. Ni allo ma ban yi nisa ba, boko kuwa ko ƙofarsa ban taka ba a lokacin. Na yi dako. Na yi haƙar rijiya har wata ta rufta da ni, aka jawo ni ta ƙafa. A ƙarshe na tsaya a kan kabu-kabu, ina ɗaukar fasinja a babur a Kalgo, ina noman rani a gonar. Matata da yara suna Gwandu, ni ina ɗakin haya.

Shekara biyu a jere ban kai komai gida ba. Ta farko injin ban ruwa ya mutu ana tsakiyar zafi. Ta biyu tsuntsu ya cinye. Da na je gida kafin shuka ta uku, yayana ya kira ni zaure bayan la'asar.

"Wagga gona wahala kawai take ba ka," in ji shi. "Akwai mai so. In bana ma ba ta yi ba, mu sayar, ka sayi sabon babur da kasonka ka huta."

"Gonar Inna ce."

"Na san ta wa ce. Ni ma ita ta haife ni. Ba ta bar ta don a riƙa ciyar da tsuntsaye ba."

Na yi masa sallama. Ina miƙewa ya ƙara da cewa, "Kuma don Allah, Injiniya, bana a yi noma irin na kowa. Kada a yi dabara."

Ba mugunta ce ta sa yake kirana Injiniya ba. Ya san ni ne. Tun ina saurayi kaina ke kawo dabara, jikina ya ji a jikinsa. Na taɓa yi wa babur rufi da fallen kwano saboda rana. A tsaye ya yi kyau, har mutane suka taru suna kallo. Da na hau hanyar Kambaza iska ta shiga ƙarƙashinsa, ni da babur da wani mai buhun albasa muka tsinci kanmu cikin gonar gero. Na taɓa haɗa akwatin ƙyanƙyasa da fitilar ƙwai, na ce ai sunanta ma ya nuna aikinta. Ƙwan zabin matata na zuba, guda talatin. Suka dahu. Muka ci da yaji, ba ta ƙara yi mini magana ba sai bayan mako guda.

To na ce masa babu dabara. Da gaske nake lokacin da na faɗa.

Shinkafar ta yi kyau a shekarar. Ta tashi kore shar, ta yi ciki, ta fidda kai. Nan ne tashin hankali yake farawa. Idan ƙwayar tana ruwa-ruwa kamar madara, lokacin tsuntsun nan jan-baki ke zuwa. Guda ɗaya bai cika tafin hannu ba. Amma ba ya zuwa shi kaɗai. Suna tasowa daga bakin gulbi kamar hayaƙi, su sauka, su tashi, ka je ka tarar da kan shinkafa ya yi fari, ka murza ka ji ƙaiƙayi zalla. Da hantsi suke zuwa, da kuma la'asar. Daidai lokacin da ɗaliban jami'a ke neman babur, masu zuwa da masu komawa. Shekarar kuwa fetur ya yi tashin da ya sa kowa magana shi kaɗai a hanya. In na zauna tsaron tsuntsu, inji ba shi da mai, shinkafa ta bushe. In na hau babur, tsuntsu ya ci. Ba ni da abin ɗaukar mai tsaro.

Na yi abin da kowa ke yi. Na kafa mutum-mutumi na sa masa tsohuwar rigata da malfa. Kwana biyu suka hau malfar. Na ja igiyoyi na rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Amma igiya sai da hannu take motsi, hannun kuwa yana kan babur.

Ranar wata kasuwa na sauke fasinja a tasha, sai na ga wani mai maganin gargajiya zaune a kan tabarma. Bakinsa cike da rake, yana sha yana tofar da ɓawo. Kuma yana magana. Na tsaya na duba da kyau. Wata 'yar lasifika ce a gefensa take maganar da muryarsa, shi yana hutawa. Na daɗe ina ganin irinta. Ranar ce kawai kaina ya ce, to.

Na san wannan "to" ɗin. Ita ce ta kwano, ita ce ta ƙwai. Na tuna abin da na faɗa a zaure. Na kashe babur na sauka.

Yana da wata tsohuwar lasifika a jaka, batirinta ya mutu, sai an jona mata wuta take aiki. Muka shirya zan riƙa kai shi tasha da kayansa ranar kasuwa har sau huɗu, ya bar mini ita. Ya ce, "Maganin mi kake sayarwa?"

"Tsuntsu zan kora."

Ya cire raken daga bakinsa ya dube ni. Bai yi dariya ba, na ba shi wannan. Ya danna wani abu, ya miƙo bakin lasifikar kusa da nawa. "Yi magana."

Na tsaya. Shekara arba'in da wani abu ina duniya, ba a taɓa cewa in yi magana haka kawai ba. Na ce, "Kai! Haa! Ku tashi!"

"Ƙara mana."

"Shi ke nan."

"Haba maigida, ko akuya za ka kora ai ka fi haka. Ka yi musu barazana, ka zagi iyayensu."

"Ban san iyayensu ba."

Ya sa na yi ta maimaita kalmomin nan uku har maƙogwarona ya bushe. Sannan ya nuna mini madannai biyu a jikinta. Wannan, in ji shi, shi ke sa ta yi ta nanata abu ɗaya. Wancan shi ke sa ta wuce gaba. Dukansu akwai rubutu a ƙasa da ɗan zanen kibiya. Na gyaɗa kai. Ban ce masa ban iya karatu ba. Na ce a raina na dama ne, zan tuna. Abin da ban lura ba, yana fuskantata ne lokacin da yake nunawa, damansa hagu na ne.

Ina da ɗan faifan sola da nake cajin waya da shi. Washegari da sassafe na kafa gora mai tsawo a tsakiyar gona, na ɗaure lasifikar a sama, faifan a ƙasa yana kallon gabas, na haɗa wayoyin na naɗe da leda. Maƙwabcina a fadamar wani tsoho ne ɗan garin, gwiwoyinsa sun gaji, kullum yana ƙarƙashin rumfarsa da majajjawa. Ya daɗe yana kallona.

"Mutumin Gwandu, siyasa za ka shiga? Kuri'ar tsuntsu kake nema?"

"Tsaro ne, Baba."

"Ku dai karatu kunka sani da albasa. Mi ya kai ku ga shinkafa?"

Rana ta taɓa faifan. Na danna na dama. Muryata ta fito daga sama, ta fi tawa ta gaskiya ƙarfi: Kai! Haa! Ku tashi! Wani gungun jan-baki da ya fara sauka a gefe ya watse. Tsoho ya buɗe baki. Na dube shi sau ɗaya, na hau babur na tafi. Ban taɓa jin daɗin tafiya irin na ranar ba.

Ba na dawowa sai bayan magariba. Lokacin rana ta faɗi, lasifika ta yi shiru tunda ba ta da batir. Na haska kawunan shinkafa da fitilar waya, na murza. Ƙwaya tana nan. Kwana na biyu ma haka. Na ga sawun ƙafafu da yawa a kan iyakar gonar, har da na takalmin 'yan birni. Na ce 'yan kallo ne. Abin kirki ai dole a zo gani.

Da safen kwana na uku tsoho ya gaishe ni da wata irin murya.

"Sannu ɗana. Ya jikin?"

"Lafiyata lau."

"Awo. Haka kowa ke cewa. Ga zaman babur kuma yini guda. Allah ya ƙara sauƙi."

Na ce amin don kada in tsaya dogon zance.

Da rana a tasha wani mutum mai kamala ya matso kusa da ni, ya duba hagu da dama, ya rage murya. "Kai ne mai gonar da ke da lasifika?"

"Ni ne."

"Nawa kwalba?"

Ina tsaye ne kusa da masu sayar da fetur a kwalabe. Na ɗauka mai yake nufi. Na ce, "Ta yi tsada. Ni kullum sai na sha uku."

Ya ja da baya. "Uku? Kullum?"

"Wata rana huɗu."

"Ashe naka ya yi nisa," in ji shi. Ya dafa kafaɗata ya tafi. Na bi shi da ido na ce Kalgo ba ta rasa mahaukata.

Da yammar nan na kira yayana. Ban saba kiransa ba sai an yi rasuwa, shi ya sa ya ɗauka da salati. Na ce ya zo ya ga gona. Ya ce lafiya? Na ce ya zo dai. So nake ya tsaya a kan iyaka ya ji muryata tana aiki ba ni a wurin, in ga abin da zai yi da sunan nan na Injiniya.

Ya zo washegari da hantsi, farar riga, farar hula, carbi a hannu. Na riga na kunna lasifika tun da safe. Na ɗauko shi daga tasha. Mun gangara fadama ke nan iska ta kawo mana murya. Ba tawa ba ce.

"Jama'a ku matso kusa! Basir mai tsiro, basir mai jini, basir mai hana zama! Wanda ke sa babban mutum ya zauna da gefe ɗaya kamar mai sauraren gulma! Kada ka ji kunya, Alhaji. Kada ka ji kunya, Malam. Ga mu nan inda kake jin muryar nan. In ba ka same mu ba, ka zauna ka jira, yanzu muke zagayowa!"

Yayana ya ce a bayana, "Wane marar kunya ne ya kawo wanga abu cikin gonakin mutane?"

Na rage gudu. Na riga na ga gorar.

A ƙarƙashin bishiyar da ke bakin gonata akwai maza wajen bakwai. Wasu a tsugune, wasu a tsaye, ɗaya ya kwanta da gefe. Wasu biyu suna tafiya a kan iyakar fangali suna leƙen inda mai maganin ya ɓuya. Ba mai kallon ɗan'uwansa. Tallar ta ƙare, aka yi ɗan shiru, sai muryata ta zagayo: Kai! Haa! Ku tashi! Duk suka miƙe suna duban hanya. Da ba su ga kowa ba suka koma suka zauna a hankali. Sai talla ta biyu ta shiga. Wannan ta maganin maza ce. Ba zan maimaita abin da ta ce ba.

Na tsayar da babur. Yayana ya sauka. Cikin mutanen akwai wani ɗan Gwandu mai sayar da buhunan wofi, wanda 'ya'yansa ke karatu a zaurenmu. Ya ga farar riga, ya taso da sauri ya durƙusa.

"Allah gafarta Malam." Ya ɗago ya dube shi. "Ashe har da ku?"

Na taɓa ganin yayana ya yi fushi. Ban taɓa ganin ya rasa abin faɗa ba sai ranar. Bakinsa ya motsa, carbi ya tsaya. Can daga rumfa na ji tsoho yana tari, irin tarin da ba na ciwo ba.

Na ruga na fizge waya. Fadama ta yi tsit. Na juyo na ce wa mutanen, "Babu magani."

"Ya ƙare?"

"Ba a taɓa yinsa ba."

Ɗaya ya ce tun jiya yake zuwa. Wani ya ce daga ƙauye ya hau mota. Na ce su je tasha ranar kasuwa, mai shi yana nan yana shan rake. Suka watse suna ƙunƙuni, kowa ya bi hanya daban.

Yayana bai shiga gonar ba. Na mayar da shi tasha. Ya sauka, ya kakkaɓe riga.

"Ni na ce a yi noma irin na kowa."

"Ka ce."

"In na ƙara jin muryar mutumin can a gonar Inna, ba zan jira girbi ba. Da shinkafar a tsaye za a sayar."

Ya shiga mota. Kafin yamma 'yan kabu-kabu sun ba ni sabon suna. Wani ya kawo mini tsohon matashin kai ya ce in ɗora a kan sirdi. Na karɓa. Matashi ne mai kyau.

Akwai wata malama da nake kai wa aiki jami'a kowace safiya. Na nuna mata lasifikar, na faɗa mata abin da ya faru a taƙaice. Ta yi dariya har ta riƙe bango. Da ta gama ta ciro wani ɗan abu kamar farce daga ciki, ta sa a wayarta, ta goge duk tallace-tallacen. Ta bar muryata kawai. Ta ɗiga jan farce a kan madannin da ya kamata. Na ce yanzu an gyara. Yanzu za a ga aikin gaskiya.

An gani. Ranar farko tsuntsaye suka tashi sau biyu, sau uku. Ranar ta biyu suka daina tashi. Ranar ta uku na bar fasinja na dawo da la'asar, don hankalina bai kwanta ba. Na tarar da jan-baki a jere a kan lasifikar kanta. Ina ce musu ku tashi daga sama, suna yi mini kashi a baki. Fangali biyu na gefen gulbi sun yi fari.

Na zauna a ƙasa. Ban jefa ko dutse ba. Tsoho ya jawo ƙafa ya zo da sandarsa ya tsaya a kaina.

"Kai kana tsammanin muryarka sunka ji tsoro?"

"Da farko sun tashi."

"Da farko ko tusa ka yi za su tashi. Tsuntsu ba ya tsoron ƙara, ɗana. Mutum yake tsoro, mai ƙafa, mai motsi. Kwana ukun nan masu basir sunka tsare maka gona. Wanga ya shiga, wancan ya fita, ka ce su tashi su tashi. Har tawa sunka tsare. Ban taɓa hutawa irin na kwanakin nan ba."

"Shi ya sa ba ka faɗa mini ba."

"In faɗa maka in koma majajjawa da wagga gwiwa?"

Saura kusan mako uku a yi girbi. Na san inda mai rake yake. Minti biyar ya isa ya mayar mini da tallarsa. Gwandu kuma da nisa. Amma mai buhunan wofi yana zuwa fadama duk mako, kuma bakinsa ba ya rufuwa. In na mayar, gona ta tafi. In ban mayar ba, tsuntsu ya cinye, gona ta tafi. Na yi tunanin Inna tana tsaye a wurin nan da zani ɗaure a ƙugu tana nuna mini iyaka, daga wancan gidan tururuwa zuwa wancan kututture. Ban yi kuka ba. Na dai daɗe a zaune.

Ina zaune wani mai ban ruwa daga gonar gaba ya zo da waya a hannu. Ya ce ta mutu tun hantsi, ko zan bari ya ɗan jona a faifan nan, tunda dai lasifikar ba ta tsinana komai? Na ce ya jona. Ya bi iyakar fangali ya nufi gora. Yana tafe tsuntsaye na tashi a gabansa. Ya jona, ya dawo, suka sake tashi. Bayan ɗan lokaci ya koma dubawa ko ta ɗauka. Suka sake tashi.

Kaina ya ce, to.

Na ce masa ya yi shiru. Bai yi ba.

Fadamar nan mutane ke yini a cikinta, masu ban ruwa, masu ciyawa, masu su, mata masu kawo abinci. Kowa da waya, ba wuta. Washegari na cire gorar daga tsakiya na kai ta can ƙarshen gona, gefen gulbi, inda tsuntsu ke fara sauka. Na yi 'yar rumfa. Na sayi caja mai baki uku. Na kawo randa na binne rabinta a ƙasa, na cika da ruwa, na ɗora moɗa. Hanyar zuwa wurin ɗaya ce, ta kan iyakar da ta ratsa gonar daga farko har ƙarshe. Igiyoyin gwangwanayen nan da suka rasa hannu, na haɗa su duka a jikin igiya ɗaya, na gitta ta a kan hanyar daidai ƙirji, wuri uku. Duk mai wucewa dole ya ɗaga ta ya sunkuya. Yana ɗagawa gona gaba ɗaya ta ɗauki ƙara.

Saura sanarwa. Muryar mai rake an hana. Na koma wurin malama ta ɗauki muryata.

"Me za ka ce?" in ji ta.

Na yi tunani tun daga fadama har ƙofar gidanta, na shirya. Na ce, "Caji kyauta. Ruwa kyauta. Babu magani."

"Ka ɗan saki murya mana. Kamar kana korar mutane."

"A sake take."

"To ka ce barkanku da zuwa."

Na gwada. Ta saurara, ta ce a bar shi yadda yake da farko.

Tsoho ya yarda ya dawo rumfata ya riƙa duba wayoyi, tunda akwai ruwan sanyi kuma daga nan yana hango tasa gonar. Ranar farko mutum biyar suka zo. Biyu daga ciki sun ji kalmar magani ce kawai, ba su ji babu ba. Ranar ta uku sai da aka yi layi. Na so in ƙaro faifai babba, ba ni da hali. Rashin halin ne ya yi mini aiki. Baki uku ne kawai, faifan kuma ƙarami, caji ba ya sauri. Mutum ya zo ya tarar a cike, ya koma, ya dawo ya duba, ya koma, ya aiko matarsa, ya zo da kansa ya yi gardama a kan wa ya riga wa. Kowace tafiya igiya uku. Yini guda gwangwani na kuka.

Ba a rasa ɓarna ba. Sun tattake mini bakin fangali, kullum sai na gyara. Moɗa uku aka ɗauke, na huɗun na ɗaure da sarƙar keke. Wayar wani ta faɗa ruwa lokacin da yake sunkuya wa igiya, ya zo rumfa yana nemana da sanda. Tsoho ne ya raba, ya tambaye shi nawa ya biya kuɗin caji. Wata mata ta tsaya ta ce mini igiyar nan wulaƙanci ce, in cire, tana ɗauke da kwano a ka. Na ce igiyar ce kuɗin cajin. Ta ce Allah ya isa tsakaninta da mutanen Gwandu. Washegari ta dawo da waya biyu.

Ranar Juma'a da ranar kasuwa fadama ba kowa. Waɗannan ranaku ni nake zama, in yi ta kai da kawowa ina ɗaga igiyar da na ɗaura da hannuna, ina sunkuya mata kamar kowa. Wata Juma'a na ce bari in yi sauri in ɗauki masu zuwa masallaci, sau biyu kawai. Na dawo rabin fangali ya tafi. Wannan ba laifin dabara ba ne, kwaɗayina ne.

Muka yi girbi. Ba irin wanda ake ba da labari ba ne. Fangali biyu da rabi sun tafi, bakin hanya an tattake. Abin da ya rage ya cika buhuna, na ɗaure, na ba tsoho nasa ɗaya ya ce ba ya so, ya aiko aka ɗauka. Sauran na loda a mota zuwa Gwandu.

Aka jibge su a zaure bayan an tashi karatu. Yayana ya zagaya su. Ya kwance bakin ɗaya, ya nutsa hannu har gwiwar hannu, ya ɗebo daga ƙasa. Ya san ni, yana tsammanin ko na sa mai kyau a sama. Ya ɓare ƙwaya ɗaya ya ciza. Ya zauna.

"An ce ka buɗe shagon caji a gonar Inna."

"Kyauta ne."

"An ce kana sa dattawa suna sunkuyawa."

"Igiya ce."

Ya ja carbi. Na jira.

"Mai son gonar ya zo shekaranjiya," in ji shi. "Na ce masa ya nemi wata."

Na ce to.

"Abu ɗaya," in ji shi. "Kada ka ƙara kirana in zo fadama. Buhu ya isa shaida. Har yau akwai mai gaishe ni yana duban yadda nake zama."

Yanzu ina Kalgo. Na ɗauko matata da yara, mun kama gida a bakin hanyar fadama. Tsoho ya rasu bara, ni na haƙa masa kabari. Na rage hawa babur, bayana ba ya so. Gonar tana hannuna, shinkafar bana ta fara fidda kai.